Idan Kwafin Ajiyar Rumbun Bayanai Ya Ƙi Fita: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan maimaituwa a bakin masu kula da rumbun bayanai, musamman waɗanda aikin ya faɗo wa a ka ba tare da sun nema ba: mai rubuta manhaja shi kaɗai a ofis, ma'aikacin sashen kwamfuta na makaranta ko asibiti, ko wanda ya gaji na'urar da mai haɗa ta ya bar aiki. Yawancin misalan daga PostgreSQL da MySQL suke, da ɗan tsokaci kan SQL Server da SQLite inda ya dace. An bar saƙonnin kuskure da Turancinsu, domin haka za ka gan su a allo, kuma haka za ka neme su.

1. Kwafin ajiya iri nawa ne? Ba zan iya kwafe foldar rumbun kawai in huta ba?

Manyan iri biyu ne. Na farko shi ne a karanta bayanan tebur bayan tebur a zuba su cikin fayil, yadda za a iya sake gina rumbun daga tushe. Aikin `pg_dump` ke nan a PostgreSQL, da `mysqldump` a MySQL. Na biyu shi ne a kwafe ainihin fayilolin da rumbun yake zaune a kansu, ta hanyar kayan aikin da aka ƙera don haka, irin su `pg_basebackup`, pgBackRest ko Percona XtraBackup. Na farkon ya fi sauƙin ɗauka daga tsohuwar siga zuwa sabuwa, amma yana da nawa wajen maidowa idan rumbun ya girma, don sai an sake gina kowace fihirisa. Na biyun ya fi sauri, sai dai ba ya komawa ko'ina sai babbar sigar da aka ɗauke shi a kanta.

Jan folda zuwa filas alhali rumbun yana aiki kuwa, wannan a'a. Kafin ka kai fayil na ƙarshe, na farko ya riga ya canza, sai ka tashi da fayilolin da ba su san juna ba. Ko SQLite, da ake ganin fayil ɗaya ne tal, yakan riƙe sababbin bayanai a wani fayil na gefe mai ƙarewa da `-wal`, kuma wanda ya kwafi babban ya bar ƙaramin ya bar aikin baya-bayan nan a baya. Ka yi amfani da `.backup` ko `VACUUM INTO`.

2. Kwafin ya gaza. Ta ina zan fara?

Ka fara da saƙon kuskure na farko, ba na ƙarshe ba. Sau da yawa layi ɗaya ne ya jawo sauran ɗarin da ke biye da shi, amma ido yakan faɗa kan na ƙasan allo. Idan ba ka ga saƙo ba sam, to wataƙila wanda ya rubuta umarnin ya zubar da shi ta `2>/dev/null`. Ka sauya wannan zuwa fayil na gaske, ka sake gudanarwa. Da zarar umarnin ya tsaya, buga `echo $?`. Sifili na nufin ya gama lafiya, kowace lamba daban na nufin akwai matsala.

Daga nan sai tambayoyi huɗu masu arha: faifan ya cika ne? `df -h` zai faɗa maka, `df -i` kuma zai nuna ko gurbin ƙirƙirar sababbin fayiloli ne ya ƙare duk da sarari na nan. Da wane asusu aikin yake gudana? Sigar kayan kwafin ta dace da ta rumbun? Me aka taɓa a na'urar tsakanin ranar da kwafin ya fita lafiya da ranar da ya fara ƙi? Wannan ta ƙarshen ce ta fi kama ɓarawo. Kada kuma ka manta kundin aikin rumbun kansa, domin abin da `pg_dump` ya kira yankewar haɗi, a can za ka ga dalilinsa a rubuce.

3. Fayil yana fitowa kowace safiya. Ta yaya zan san ba fanko ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, don gazawar da ke ihu ba ita ke kashe kamfani ba, wadda ke shiru ce. Dubi umarni irin `pg_dump rumbu | gzip > kwafi.gz`. Idan `pg_dump` ya faɗi tun a ƙofa, `gzip` zai karɓi babu, ya matse babu, ya fitar da fayil mai bayit 20, ya ce ya gama lafiya. Lambar da za ka gani ta `gzip` ce, ba ta `pg_dump` ba. Maganinsa a sa `set -o pipefail` a saman rubutun umarnin, kuma a tabbata da `bash` ake gudanar da shi, domin `sh` na wasu na'urori bai san wannan zaɓi ba. Bayan haka ka riƙa duba girman fayil kana kwatanta shi da na jiya, ka kuma leƙa wutsiyarsa. Cikakken kwafin rubutu na PostgreSQL yana ɗauke da `PostgreSQL database dump complete` a ƙarshensa, na MySQL kuma `Dump completed on` da kwanan wata.

Abin da ya faru da GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ranar 31 ga Janairun 2017 ya isa darasi, kuma su da kansu suka bayyana shi dalla-dalla. Wani injiniyansu ya goge foldar bayanan babbar uwar garke bisa kuskure, kusan gigabayit 300. Da aka je ɗauko kwafin `pg_dump`, sai aka tarar wayam. Ashe na'urar da ke gudanar da kwafin tana amfani da `pg_dump` na sigar 9.2 ne, alhali rumbun 9.6 ne, don haka kullum sai ya faɗi. Saƙon imel da ya kamata ya sanar da su kuma uwar garken karɓar wasiƙu na ƙin karɓarsa saboda DMARC, ƙa'idar tantance asalin saƙon imel. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da aka ɗauka kimanin awa shida kafin lamarin don wata buƙata daban, kuma bayanan waɗannan awanni shida sun tafi ke nan.

Saboda haka kada ka dogara da saƙon da ke zuwa idan an gaza. Ka tsara yadda za a sanar da kai idan an yi nasara, sannan rashin zuwan sanarwar ya zama shi ne ƙararrawa. Tabbaci na ƙarshe kuma yana amsa ta 13.

4. Da hannuna yana aiki sumul, amma idan `cron` ya gudanar da shi cikin dare sai ya ƙi. Me ya sa?

Domin `cron`, manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, ba ya shiga na'ura yadda kake shiga. Hanyoyin da yake neman umarni a cikinsu kaɗan ne, galibi `/usr/bin` da `/bin` kawai, kuma ba ya karanta saitunan da taminal ɗinka ke lodawa. Ka rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni da ta foldar da za a ajiye fayil. Akwai kuma tarkon da ke kama kusan kowa sau ɗaya: alamar `%` a cikin `crontab` na nufin sabon layi. Wanda ya sa `date +%F` don sunan fayil ya ɗauki kwanan wata, umarninsa zai guntule daidai nan, sai ya sa `\` a gaban alamar. Ya fi sauƙi a kwashe komai a zuba cikin rubutun umarni guda, `cron` ya kira shi da suna.

Sai kalmar sirri. Babu mai zama ya buga ta da ƙarfe biyun dare. PostgreSQL na karanta ta daga `.pgpass` a foldar gidan asusun da ke gudanar da aikin, ba naka ba, kuma idan iznin fayil ɗin ya fi `0600` sassauci zai yi watsi da shi. MySQL na karantawa daga `.my.cnf`. Kada a manna kalmar sirri a jikin umarni inda duk mai asusu a na'urar zai iya hango ta.

5. Me ake nufi da `aborting because of server version mismatch`?

Kayan kwafinka ya girmi rumbun. `pg_dump` yana iya kwafe rumbun da ya girme shi, amma ba ya yarda ya taɓa wanda babbar sigarsa ta fi tasa sabunta, domin bai san tsarin da aka ƙara ba, kuma gara ya tsaya da ya ba ka kwafi mai giɓi. Wannan na yawan faruwa bayan an ɗaga rumbun, ko kamfanin da kake haya a wurinsa ya ɗaga maka, an manta da na'urar da ke yin kwafin. Kwatanta `pg_dump --version` da abin da `SELECT version();` ya ba ka. A Debian da Ubuntu kowace siga na da foldarta, misali `/usr/lib/postgresql/16/bin/`, sai ka kira wanda ya dace kai tsaye.

Matsalar na juyowa ta ɗaya ɓangaren wajen maidowa. Kwafin da `pg_dump` na 17 ya yi yana ɗauke da saitin `transaction_timeout`, wanda rumbun 16 bai san shi ba, kuma tsohon `pg_restore` zai ce `unsupported version` idan ka miƙa masa fayil na sabo. A gidan MySQL, `mysqldump` na 8.0 idan ya fuskanci rumbun 5.7 ko MariaDB yakan yi kuka da `Unknown table 'COLUMN_STATISTICS'`, sai an ƙara masa `--column-statistics=0`. Kwafin 8.0 da aka kai tsohon rumbu kuma yakan tsaya a `Unknown collation: 'utf8mb4_0900_ai_ci'`. SQL Server shi ba ya ma doguwar magana: kwafin sabuwar siga ba ya komawa tsohuwa.

6. Ana ce mini ba ni da izini, alhali ni ne mai kula da na'urar.

Iko a kan na'ura daban, iko a cikin rumbu daban. `pg_dump` na buƙatar iznin karanta kowane tebur da kowane `sequence` mai ba sababbin layuka lamba bi da bi, don haka sabon tebur ɗaya da abokin aiki ya ƙirƙira jiya da wani asusu ya isa ya kayar da kwafin gaba ɗaya da `permission denied for table`. Tun daga sigar 14 akwai matsayin `pg_read_all_data` da za ka ba asusun kwafi ya huta da wannan. Idan kuma an sa wa tebur kariyar da ke ɓoye wasu layuka ga wasu asusu, `pg_dump` zai ƙi ci gaba da gangan don kada ya ba ka rabin bayanai, sai asusun ya samu `BYPASSRLS`.

A MySQL, daga 8.0.21 da 5.7.31 `mysqldump` ya fara neman iznin `PROCESS`, kuma wannan ya karya kwafin mutane da yawa da ke haya a uwar garken tarayya, inda ba za a taɓa ba su iznin ba. Ƙara `--no-tablespaces` yana wadatar da yawancinsu. A SQL Server, `Operating system error 5` na nufin asusun da hidimar rumbun ke gudana da shi ne ba shi da iznin rubutu a foldar, ba kai da ka danna maɓalli ba. Shi ya sa faifan hanyar sadarwa da ka laƙa wa harafi a kwamfutarka SQL Server ba ya ganinsa, sai ka ba shi cikakken adireshin foldar.

7. Yana farawa lafiya, ya yi nisa, sai ya yanke a tsakiya.

Idan a tebur ɗaya yake yankewa kullum, ka zargi teburin: ko yana da layi mai girman gaske, ko wani ɓangaren faifai ya lalace a ƙarƙashinsa. `Error 2013: Lost connection` a MySQL yakan zo ne idan wurin da ake zuba kwafin ya cika nawa, har rumbun ya gaji da jira, domin `net_write_timeout` daƙiƙa 60 ne idan ba a taɓa shi ba. Layuka masu ɗauke da hotuna ko manyan takardu kuma sukan buƙaci a ɗaga `max_allowed_packet`, a wajen kwafi da wajen maidowa duka. A PostgreSQL, `invalid page in block` ba maganar saiti ba ce, alamar lalacewa ce. Kada ka goge tsofaffin kwafinka ko ɗaya har sai ka gano iyakar ɓarnar.

Mai ɗaukar kwafi daga uwar garke ta biyu, wadda ke bin sahun babbar, yakan haɗu da `canceling statement due to conflict with recovery`. Babbar ta share tsofaffin layukan da kwafinka ke kan karantawa, ta biyun ta jira daƙiƙa 30 na `max_standby_streaming_delay`, sannan ta kore ka. Ko ka ɗaga wannan lokaci, ka yarda ta biyun ta ɗan yi baya, ko ka kunna `hot_standby_feedback`, ka yarda teburorin babbar su ɗan kumbura.

Idan kuwa ba shi da takamaiman wurin yankewa, duba hanya. Jawo kwafi mai gigabayit da yawa kai tsaye zuwa kwamfutar ofis ta intanet ɗin da ke rawa, ga wutar da ake ɗaukewa kafin janareta ya tashi, neman wahala ne. Ka yi kwafin a can kusa da rumbun, cikin `tmux` ko `nohup` don kada yankewar haɗinka ta kashe shi, sannan ka jawo fayil ɗin da `rsync --partial`, wanda ke ci gaba daga inda ya tsaya.

8. Duk lokacin da kwafi ke gudana manhajarmu sai ta daskare.

`mysqldump` yana kulle teburori idan ba a hana shi ba. Idan teburorinka InnoDB ne, sa `--single-transaction`, zai ɗauki hoton rumbun na lokaci guda ba tare da tsayar da kowa ba. Wannan bai shafi tsofaffin teburorin MyISAM ba, kuma kada a canza fasalin tebur yana cikin aiki. `pg_dump` shi ba ya hana karatu ko rubutu, amma akwai wata sarƙaƙiya: idan wani ya aika `ALTER TABLE` ko `TRUNCATE` ana cikin kwafi, umarninsa zai tsaya jiran kwafin ya gama, duk wanda ya zo bayansa kuma zai shiga layi a bayansa. Sai a ɗora wa kwafi laifi, alhali sabunta manhajar da aka tsara a lokaci guda ne ya toshe hanya. A raba musu lokaci.

9. Foldar `pg_wal` ta cinye faifan. In goge tsofaffin fayilolin ciki?

Kada ka kuskura. Waɗannan fayiloli su ne rijistar duk canjin da aka yi, kuma da su rumbun ke miƙewa bayan faɗuwa. A da sunan foldar `pg_xlog`, kuma yawan masu ɗaukarta tarin shara suna gogewa na cikin dalilan da suka sa aka sauya mata suna a sigar 10, a 2017. Tana cika ne saboda ɗayan biyu galibi. Ko dai `archive_command`, umarnin da ke tura fayilolin zuwa ma'ajiya, yana gazawa, PostgreSQL kuma ba zai saki fayil ba sai an tabbatar masa an adana shi. `pg_stat_archiver` zai nuna maka yawan gazawar da lokacin ta ƙarshe. Ko kuma akwai gurbin kwaikwayo da aka buɗe wa wata uwar garke da ta daɗe da mutuwa, yana riƙe mata fayiloli har abada. Duba `pg_replication_slots`, ka cire wanda ba a amfani da shi, sannan ka sa iyaka da `max_slot_wal_keep_size`, wanda ya zo a sigar 13. Da ka gyara sanadin, rumbun zai share abinsa da kansa.

SQL Server na da irin wannan ciwo: rumbun da ke tsarin `FULL` amma ba a ɗaukar kwafin rijistarsa, fayil ɗin rijistar zai yi ta girma har ya tsaya da kuskure mai lamba 9002.

10. Kwafin ya fita, amma maidowa ta cika allo da kurakurai, ko ta gama wasu abubuwa babu.

Da farko, kowane fayil da ƙofarsa. Kwafin rubutu zalla da `psql` ake maido shi, wanda aka yi da `-Fc` ko `-Fd` kuma da `pg_restore`. Na biyu, dukkansu biyun suna wuce kuskure su ci gaba idan ba ka hana su ba, har ka zaci komai ya shiga. Ka ba `psql` zaɓin `-v ON_ERROR_STOP=1`, ka ba `pg_restore` zaɓin `--exit-on-error`, domin kuskuren farko ya tsayar da aikin ka gan shi.

`role does not exist` na zuwa ne saboda `pg_dump` rumbu ɗaya yake kwafewa, ba ya ɗaukar asusun masu amfani da kalmominsu na sirri. Waɗannan sai da `pg_dumpall --globals-only`, kuma su ake fara maidowa. Idan sabon wurin ba ya buƙatar tsofaffin asusun, `--no-owner` da `--no-privileges` sun isa. `permission denied for schema public` kuma sabon hali ne tun sigar 15, inda aka daina barin kowa ya ƙirƙiri tebur a can. A MySQL, abin da ke ɓata shiru shi ne ayyukan da aka adana cikin rumbun da waɗanda aka tsara wa lokaci, domin `mysqldump` ba ya ɗaukarsu sai ka ce `--routines --events`. Babu kuskuren da zai fito. Sai ƙarshen wata, da rahoton albashi ya ƙi fita, a fara neman abin da ya faru.

11. Bayan maidowa, sunayen mutane sun lalace: inda ƙ take sai `Æ™`, inda ɗ take sai `É—`.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa cikin `latin1`, wanda shi ne tsarin haruffan da MySQL ke zaɓa da kansa har zuwa 5.7, kafin 8.0 ta koma `utf8mb4`. A UTF-8 kowannensu bayit biyu ne. Tsohuwar manhaja takan cusa waɗannan bayit biyun cikin teburin `latin1`, ta karanto su ta hanya ɗaya, komai ya yi kyau a allo shekara da shekaru. Ranar da aka yi kwafi aka kai sabon rumbu, sai a ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, Ɗanladi da Ƙasimu su koma wasu alamomi.

Idan irin waɗannan alamomi kake gani, bayanan na nan, gyara ake yi. Sake ɗaukar kwafin daga tsohon rumbun da `--default-character-set=latin1 --skip-set-charset` don bayit ɗin su fito yadda suke, ka sauya bayanin teburorin zuwa `utf8mb4` a cikin fayil ɗin, sannan ka loda shi a matsayin `utf8mb4`. Ka gwada a rumbun gwaji tukuna. Amma idan alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafin a cikin rumbun kansa, harafin ya tafi, sai dai a koma kwafin da ya gabaci ɓarnar. Masu Windows kuma su kiyayi tura kwafi da alamar `>` a tsohon PowerShell, domin yana rubuta fayil ɗin da UTF-16, MySQL kuma ya kasa karantawa. A yi amfani da `--result-file`.

12. Na bi jagorar da na samu harafi da harafi, amma fayil ko umarnin da ta ambata babu shi a na'urata.

Mai yiwuwa jagorar ba ƙarya ta yi ba, tsufa ta yi. PostgreSQL na fitar da babbar siga kowace shekara, tana kula da kowace tsawon shekara biyar, kuma ɓangaren kwafi da maidowa na cikin waɗanda suka fi canzawa. Jagorar da ta ce ka ƙirƙiri `recovery.conf` ta gabaci sigar 12. Daga 12 saitunan sun koma cikin `postgresql.conf`, ana ajiye fanko mai suna `recovery.signal` ko `standby.signal`, kuma rumbun zai ƙi tashi ma idan ya tarar da tsohon fayil ɗin. Wadda ta ce `pg_start_backup` ta gabaci 15, inda sunan ya koma `pg_backup_start` aka kuma cire tsohon salon. Wadda ta ce PostgreSQL ba shi da kwafin ƙari na kansa, wato mai ɗaukar abin da ya canza kawai, ta gabaci 17, wadda ta zo da `pg_combinebackup` a 2024.

Don haka kafin ka karanta layi ɗaya, nemi lambar siga. Takardun hukuma na PostgreSQL da na MySQL duk suna nuna sigar a saman shafi da wurin sauya ta, kuma injin bincike ba ya damuwa da wacce ya jefo maka. Rubutun da bai faɗi siga ba, bai kuma sa kwanan wata ba, ni dai ba na gudanar da umarninsa a kan rumbun da mutane ke aiki da shi. Haka amsar manhajojin hira masu basirar na'ura: sukan haɗa zaɓin wannan siga da na waccan cikin umarni ɗaya, da cikakkiyar gadara. Alƙali shi ne `pg_dump --help` ko `man mysqldump` a kan na'urarka, domin su na sigar da ke gabanka ne.

Su kansu takardun hukuma, gaskiya, an rubuta su ne don wanda ya riga ya san abin da yake nema. Suna bayyana kowane zaɓi shi kaɗai, ba sa cewa ga haɗin da ya dace da kai. Sanin alamominsu na rage wahala: abin da ke cikin `[ ]` na ganin dama ne, `|` na nufin zaɓi ɗaya daga ciki, ɗigo uku na nufin ana iya maimaitawa, kalmar da aka karkata kuma gurbi ce da za ka cike da naka. Kuma ka fara daga ƙasan shafi. Gargaɗin da zai cece ka, irin abin da kayan aikin ba ya kwafewa, yawanci yana sashen ƙarin bayani ne, bayan dogon jerin da ba kowa ke kai ƙarshensa ba.

13. Yaya ake gwada kwafi, kuma ina ya kamata a ajiye shi?

A maido shi. Babu wata hanya. `pg_restore --list`, `pg_verifybackup` da `RESTORE VERIFYONLY` suna da amfani, amma iyakarsu su ce fayil ɗin bai yage ba. Ka samu wata na'ura daban, ko kwantena ta Docker mai siga ɗaya da rumbunka, ka maido da zaɓuɓɓukan amsa ta 10, ka ƙirga layukan manyan teburori, ka duba kwanan watan shigarwa ta ƙarshe, ka haɗa manhajar da shi ka buɗe shafukan da aka fi amfani da su. Ka auna tsawon lokacin da ya ɗauka, domin ita ce tambayar farko da shugaba zai yi ranar da abu ya lalace, kuma GitLab ma sai da suka shafe kusan awa 18 suna maidowa.

Wajen ajiya, ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kwafin da ke faifai ɗaya da rumbun tamkar ajiye makullin safaya ne a cikin motar da aka kulle. Ko gini ɗaya ma bai isa ba: gobarar cibiyar kamfanin hayar uwar garke OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa a Maris 2021 ta haɗa da kwafin wasu abokan cinikin da ke ajiye a wuri guda da na'urorinsu. Tun da kwafin na ɗauke da sunaye da lambobin mutane, a rufe shi da makullin sirri kafin ya bar na'ura, a ajiye makullin a wani wuri daban. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta ware kwafi daga ainihin rumbu ba.

14. Wanda ya haɗa tsarin ya tafi bai bar bayani ba. Me zan rubuta, kuma yaya zan nemi taimako?

Fara da tono: `crontab -l` na kowane asusu, har da `root` da `postgres`, foldar `/etc/cron.d`, da `systemctl list-timers`. Abin da ka gano, rubuta shi a shafi ɗaya: wace na'ura ke yin kwafin, da wane asusu, ƙarfe nawa, ina fayil ke zuwa, kwana nawa ake riƙe shi, wa ake sanarwa, sannan umarnin maidowa ɗaya bayan ɗaya yadda za a kwafa a manna, da lambar siga da ranar gwaji na ƙarshe. Ka miƙa wa abokin aikin da bai san tsarin ba ya bi, kai kuma ka yi shiru. Duk inda ya ɗago kai ya tambaye ka, nan takardar ke da rami. Kada kuma ka ajiye ta a cikin na'urar da take bayanin cetowa.

Idan za ka nemi taimako, ko ga sashen tallafin kamfanin haya ko ga masana, kawo sigar rumbun, sigar kayan kwafin, tsarin na'urar, ainihin umarnin da ka buga, cikakken saƙon kuskure a rubuce ba hoton allo da waya ba, da abin da ya canza kwanan nan kamar yadda amsa ta 2 ta zayyana. Goge kalmar sirri da adireshin uwar garke kafin ka aika.

15. Kwafin dare ɗaya a rana ya isa?

Ya danganta da yawan aikin da za a iya sake shigarwa da hannu. Idan kwafin na fita ƙarfe biyun dare, faifai ya mutu ƙarfe huɗun yamma, aikin awa 14 ya tafi. Ga ɗakin karatu wataƙila a jure, ga mai karɓar kuɗin jama'a ba zai yiwu ba. Wanda ba zai jure ba yana buƙatar maidowa zuwa takamaiman lokaci: cikakken kwafi na `pg_basebackup` haɗe da fayilolin rijistar da aka yi maganarsu a amsa ta 9, ana tura su ma'ajiya ba yankewa, sai a sa `recovery_target_time` a daƙiƙar da ta gabaci ɓarnar. A MySQL rijistar `binlog` ce ke wannan aiki, ana sake karanta ta da `mysqlbinlog`. Fayil ɗaya ya ɓata a tsakiyar jerin, maidowa ba za ta wuce wurin ba, kuma kwafin `pg_dump` ba ya zama tushen wannan salon. Uwar garke ta biyu mai bin sahu ma ba ta maye gurbinsa, domin `DROP TABLE` da aka buga bisa kuskure a babbar zai isa gare ta cikin ƙiftawar ido.